Sawun Rabe a Kan Rawayan Dutse

Tun da na dawo daga Arlit ban yi faci ɗaya cikin natsuwa ba. Duk wanda ya turo kekensa rumfata a bakin tashar Kankiya sai ya jingine shi ya jawo benci, ya ce to Iro, ba mu labari. Na ba masu shayi, na ba mahauta, na ba wani kurma har ya gaji ya tashi. Yanzu labarin ya fara tsawo da kansa, don shekaranjiya na ji wani mutumin Yashe yana rantsuwa wai raƙumi na hau har Faransa. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi yadda ya faru, kowa ya karanta ya bar ni in nemi abincina. In kun ji gishiri ya ɗan yi yawa a wani wuri, kun dai san hannuna, bai iya ɗiban kaɗan ba.

Ba yawon buɗe ido na je ba, aiko ni aka yi. Ƙanena Rabe, wanda ke bi mini, ya bar garinmu Kusada tun yana saurayi. Ya bi wani kawunmu Maraɗi, ya tsinci Faransanci a bakin direbobi, ya shiga ɗaukar wa Turawa masu neman ma'adini kaya, har ya zama ma'aikaci a ɗakin da suke duba duwatsu can Arlit, bayan Agadas. Da mahaifinmu ya rasu labari bai iske shi ba sai bayan an yi sadakar arba'in. Tun daga nan bai sake tako Kusada ba. Yakan aiko da atamfa da sukari ta hannun direbobi, Inna kuwa ta jera atamfofin cikin adaka, ko ɗaya ba ta kai wa tela ba.

Bayan babban farin nan, a shekarun da kuɗin mai ya fara sa kowa sayen rediyo, idon Inna ya soma dushewa, ƙafa kuma ta ƙi. Wata ranar kasuwa na je gaishe ta, sai ta sa na zauna kusa, ta miƙo mini wani farin ƙyalle. Ta ce in je in ce wa Rabe ya zo. In ya ƙi, kada in yi masa gardama. In jira sai ya taka ƙasa ba takalmi, in kwashe sawun ƙafarsa ta dama tun daga diddige har yatsu, in ƙulle a ƙyallen nan in kawo. Akwai wani malami a Dudunni da zai yi kiranye: ya yi rubutu, a wanke allon, a zuba ƙasar a ciki, ta sha rabi, a yayyafa sauran a ƙofar zaure.

Na fashe da dariya, don na ɗauka wasa take. Inna ɗiyar liman ce. Ina yaro na ga ta kori wani mai maganin gargajiya da muciya har bakin rijiya, don kawai ya ce zai ba ta laya. Amma na duba na ga ba ta dariya.

"Ba ni da wata daminar jira, Iro," ta ce. "Ko shi, ko sawunshi."

Na sa ƙyallen a aljihu.

Daga Kankiya zuwa Katsina ba labari, sai dai wata mata da ta ɗora mini kwandon zabi a cinya ta yi barcinta. Daga Katsina muka bi ta Jibiya muka isa iyaka. A nan wani jandarma dogo, siriri kamar bakin famfon keke, ya karɓi takardata. Ya dubi hoton, ya dube ni, ya sake duban hoton. Hoton nan tun kafin in yi tumbi aka ɗauke shi. Ya ce wannan ai ɗana ne. Na ce ranka ya daɗe ni ne, yana nan cikina, in aka tona za a same shi. Bai yi murmushi ba. Ya tambayi sana'ata, na ce faci. Sai na ga idonsa ya yi haske. Ashe ƙaramin babur ɗinsa na jingine bayan ofis, tayar baya a kwance tun safe. Haka na tuɓe riga a gindin bishiyar bedi na yi wa gwamnatin Nijar faci, fasinjojin motarmu duka suna zaune suna ba ni shawara. Da na gama ya buga hatimi, ya sara mini kamar wani kwamanda.

Maraɗi kuwa ba baƙunta. Kamar Katsina ce ta yi barci ta farka da dogon burodi a hammata. Maganarsu tamu ce, gaisuwarsu tamu, har zagin da ake yi wa jaki iri ɗaya ne. Burodin ne kawai ban gane ba: tsawonsa ya kai kamu biyu, taurinsa kuwa in ka fita da shi ba ka buƙatar sanda. Na sauka gidan wani dattijo mai saukar da baƙi wanda ya ce kakarsa 'yar Kankiya ce, saboda haka ya ba ni tabarma mafi ƙarancin kuɗin cizo. Aka kawo dambu da zogale da man gyaɗa, maƙwabta suka taru kallon mutumin Najeriya. Suka tambaye ni ko gaskiya ne man fetur ya yi mana yawa har ba mu san yadda za mu yi da shi ba. Na ce ƙwarai, mu a Kankiya da shi muke yayyafi kafin shara, jakunanmu ma sun daina cin ciyawa, sai dai a kai su gidan mai. Wani tsoho ya girgiza kai ya ce shi ya sa jakunan Najeriya ba su da ladabi.

Daga Maraɗi na wuce Damagaram, daga nan kuma hanya ta canza hali. Na hau saman wata babbar mota, irin wadda suke kira kamyo, an loda mata buhunan gero da albasa da bututun ƙarfe, mu kuma aka loda mu a bisa. Maƙwabcina wani tsohon Buzu ne mai suna Agali. Fari ya cinye raƙumansa, zai je Arlit neman aikin gadi. A wurinsu namiji ke rufe fuska, mace ta bar tata a buɗe, kun ji inda duniya ta juya. Na ƙudura a raina sai na ga bakin mutumin nan. In za a ci abinci sai in zauna dab da shi in zuba ido, shi kuwa ya ɗaga rawanin ta ƙasa ya tura loma kamar mai ba wa wani ɓoyayyen ɗan tsako abinci. Har muka rabu ban san ko yana da haƙora ba.

Duk inda mota ta tsaya sai ya hura ɗan gawayi ya dafa shayi a wata 'yar buta, ya zuba a kofin da bai fi ƙoƙon kwalli ba. Na farko ɗaci kamar maɗaci, na biyu dama-dama, na uku zuma. Mu a gida in ka ba baƙo abin sha a irin wannan kofi sai ya kai ƙararka wurin mai unguwa. Amma bayan kofi na uku sai ka ji jikinka ya yi sakayau, kamar an cire maka duwatsu daga aljihu.

Bayan Tanut itatuwa suka fara sallama ɗaya bayan ɗaya, har muka zama mu kaɗai. A gefen hanya ƙasusuwan shanu ne fari fat, ba mai ce musu komai. Mota na jijjiga, rana na dukan kai, sai mutum ya rasa ko barci yake ko ido biyu. Wata rana da hantsi na hango wani tafki shimfiɗe gabanmu, ruwa shuɗi, har da itatuwan ɗorawa a bakinsa, sak irin na hanyar Kusada. Na rantse na ga mata na wanki, na ga wata ta ɗago kai ta yi kama da Inna lokacin tana da ƙarfinta. Na bubbuga kan mota na ce wa direba ya tsaya in watsa ruwa. Fasinjoji suka yi ta dariya. Agali ya ce kawalwalniya ce, ya ce kowa da irin garin da take nuna masa, shi raƙumansa yake gani suna sha. Muka yi ta binta tana ja da baya har la'asar, sa'annan ta naɗe tabarmarta ta tafi.

Mota ta kafe a rairayi ba sau ɗaya ba. Sai a sauko, a tona, a shimfiɗa faranten ƙarfe, a tura, ta yi taku kaɗan ta sake zama kamar amaryar da ba a saya wa baki ba. A irin wannan tsayawa ne Agali ya kwaɓa gari ya tona rami cikin rairayi mai zafi ya binne, ya tara garwashi a kai. Da ya tono sai ga gurasa. Na ce masa mu a Kankiya in aka sami tsakuwa ɗaya a tuwo sai an yi shari'a, ku kuma tuwon kuke kai wa tsakuwa har gida. Ya kakkaɓe ta ya miƙo mini. Wallahi ba yashi ko ƙwaya.

Mutumin nan yana karanta ƙasa kamar allo. Ya duba ya ce nan raƙuma ta wuce da ciki, nan wata mata ce ɗauke da kaya, tana ɗingishi. Da na ga haka, kun san bakina ba ya riƙe ruwa, sai na kwance masa zancen ƙyallen Inna. Bai yi dariya ba. Ya ce in dai sawu nake nema a ƙasar nan to in yi hanzari, don iska ba ta barin na safe ya kai azahar.

A Agadas na kwana kan soron wani maƙeri, na ci cuku, wato busasshen nono mai taurin fatar ganga, na kuma sha nonon raƙumi don kada a ce Bakatsine ya ji tsoro. Abin da ya biyo baya tsakanina da cikina ne, ba zan sa shi a takarda ba. Na dai san bayan garin Agadas fiye da cikinsa.

Arlit gari ne kamar wanda ya faɗo daga bayan mota aka manta ba a dawo an ɗauka ba. Gidaje a jere iri ɗaya kamar ƙwayar sukari, ga lantarki, ga famfo na zubar da ruwa a tsakiyar hamada. Ba kuka, ba tsamiya, ba tsohuwar da za ka tambaya gidan wane. Kowa baƙo ne, kowa daga wani wuri ya zo. Na yi ta shiga gidajen mutane ina sallama har wani ya nuna mini na Rabe.

Ya fito da tabarau a ido, furfura ta fara masa a gefen kunne, shi da na goya. Muka riƙe hannun juna muka kasa saki. Matarsa Fatimata, Buzuwa ce, ta fito fuska a buɗe ta zauna gabana tana tambayata hanya da mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, da sunayensu. A Kusada matar ƙane ko inuwar yayan miji ta gani sai ta canza hanya. A nan ni ne na rasa inda zan sa idona, na yi ta kallon silin.

Bayan mun ci abinci na isar da saƙo. Rabe ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya ce aiki ya yi yawa, hutu na da wuyar samu, hanya kuma na gani da idona. Ya ce in Allah ya kai mu baɗi bayan damina. Duk maganar nan da siminti yake yin ta, bai dube ni ba. Na tuna Inna ta ce kada in yi gardama, sai na haɗiye tawa, abin da ban saba ba. Washegari da ya tafi aiki Fatimata ta gaya mini ba sau ɗaya ya ɗaure akwati ba. Akwai shekarar da ya kai har Agadas ya juyo. Ta ce kunya ce ke cinsa, wai da wane ido zai dubi Inna, shi da bai zuba wa mahaifinsa ƙasa ba, kuma kowace shekara kunyar ƙara nauyi take.

To, sai na koma ga shawara ta biyu. Amma ku zo ku ga wahala. Ɗakin Rabe siminti, tsakar gida siminti, har makewayi siminti. Da safe ya sa safa ya sa wani takalmi mai kama da turmi. Da yamma ya sauya silifa. Mutumin nan da muka yi yawon harbin ƙadangaru ba takalmi har ƙaya na tsoron tafin ƙafarmu, yanzu ƙafarsa ba ta gaisawa da ƙasa. Na ɗebo rairayi na barbaɗa a ƙofar wurin wanka, Fatimata ta share. Na sake barbaɗawa na laɓe, sai ga akuyar maƙwabta ta zo ta taka tsaf ta wuce. Na tsaya ina kallon sawun, na ce da na kai wannan Dudunni da akuya ce za ta yi sallama a Kusada.

Ran Lahadi, da izinin Baturen da yake aiki ƙarƙashinsa, Rabe ya kai ni ɗakin aikinsu. A nan na ga ƙanena na da. Da ya shiga cikin duwatsun nan sai bakinsa ya buɗe. Ya ɗora mini wani baƙin dutse a hannu, ƙarami amma nauyi kamar guduma, ya ce wannan shi ne uwar, shi ke ɗauke da yuraniyam ɗin da ake haƙa. Muddin yana can ƙarƙashin ƙasa inda iska ba ta kai, baƙi yake zama. Amma ran da ruwa mai tafe da iska ya taɓa shi, sai ya fara tsatsa. Na ce yawwa, yanzu ka shigo unguwarmu, tsatsa ai ni ne sarkinta. Ya ce to tasa tsatsar ba ja ba ce irin ta bakin keke. Ya jawo wani akwati ya buɗe.

Jama'a, ban taɓa ganin rawaya ba sai ran nan. Wani kamar garin ɗorawa, wani kamar ƙwanduwar ƙwan zabo, wani ja-ja kamar bakin mai cin goro. Wasu a nan aka samo su, wasu Baturen ya zo da su daga Kwango cikin 'yan kwalabe a toshe. Rabe ya sa ɗaya ƙarƙashin madubin da ke ƙara girman abu, ya ce in leƙa da ido ɗaya.

Na leƙa, sai na faɗa wani gari. Ga soraye na gilashi ruwan zuma, jere bisa jere, kowanne da kusurwarsa a yanke kamar an sa magini ya auna da igiya. Haske na shiga ta wannan bango ya fita ta wancan. Akwai lunguna, akwai matakala, akwai wani fili da na ce nan ne kasuwarsu. Na yi ta jiran in ga wani ya leƙo ta taga. Ban san tsawon lokacin da na yi a ciki ba, sai da Rabe ya taɓa kafaɗata, na ɗago na ga ashe duk birnin nan bai kai ƙwayar gero ba.

Ya sauko da wani abu daga kan kanta, duwatsun ado da aka soke da waya, na ɗauka abin wasan 'ya'yan Bature ne. Ya ce a'a, hoton ginin cikin dutsen ne, yadda masana suka gano shi ta hanyar haska shi da irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi a asibiti. Kowace babbar ƙwaya yuraniyam ce, da ƙarama ɗaya a kanta ɗaya a ƙarƙashinta, ba sa rabuwa. A ƙugunta kuma wasu sun kewaye ta suna riƙe da na maƙwabta, har su zama shimfiɗa kamar tabarma. Tabarma bisa tabarma, bisa tabarma. A tsakanin kowace biyu kuwa ruwa ne ke kwance, shi ke riƙe da su. Wani lokaci darma kan shiga tsakanin ta zauna tare da ruwan, sai launin ya koma ja-ja, kuma darmar nan daga jikin yuraniyam ɗin take fitowa in ya tsufa, tsufan da ba a lissafa shi da kakanni.

Na ce tsaya, ruwa cikin dutse, a ƙasar da na ga tafkin ƙarya? In na matse zan sami na alwala? Ya yi dariya, irin dariyarsa ta yarinta har da riƙe ciki. Ya ce ba jiƙa ba ce, ruwan na cikin ginin ne. Shi ya sa ake toshe kwalaben. In aka bar irin wannan a busasshiyar iska sai ruwan ya riƙa fita a hankali, tabarmin su matso juna, dutsen ya dushe ya tsattsage, har Turawa su canza masa suna don ya zama wani abu dabam. Ya nuna mini wanda hakan ta same shi. Na leƙa, garin nan ne dai, amma kamar an yi shekaru da tashi daga cikinsa.

Kafin mu fita ya sa na wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu. Ya ce abin nan ba a lasa, ba a shaƙa, ba a cin abinci kusa da shi. Na ce to. Na ji shi sarai, kada wani ya ce ban ji ba.

Da hantsi ya ce in raka shi wani busasshen rafi a bayan gari inda zai ɗebo samfur. Muka tafi a jif. A can, ƙarƙashin wani dutse mai rumfa, rawayan nan ne ya fito a jikin bango kamar an shafa, ya kuma zubo ƙasa ya gauraya da rairayi. Rabe na rataye da wani akwati mai sanda da ke gano yuraniyam, in ya kai sandar kusa da bangon sai akwatin ya kama ƙaf-ƙaf-ƙaf kamar ana toya gugguru. Azahar ta yi. Ya sauke jarka, ya zauna a inuwar dutsen, ya kwance turamen nan nasa, ya cire safa. Na zuba wa ƙafar ido. Ya yi alwala, ya miƙe, ya ɗora jiƙaƙƙiyar ƙafarsa ta dama a kan lallausar ƙasar nan kafin ya taka buzun salla.

Sallar nan dai Allah ya karɓa, don rabin hankalina na bayana. Da muka sallame ya tafi haɗa kaya, na koma. Ga shi nan kwance, danshi ya riƙe shi, iska ba ta taɓa ba: diddige, tafi, yatsu biyar, har da ɗan karkataccen yatsan da ya gada wurin Baba. Rawaya-rawaya, yana ƙyalli, kamar sawun wani daga garin cikin madubi. Na shimfiɗa ƙyallen na kwashe tun daga diddige, na ƙulle na sa a aljihu. Ko kaɗan gargaɗin ɗazu bai zo mini ba. Ni a wurina wancan maganar dutse ce. Wannan kuwa sawun Rabe ne.

Na iso mota ina fito. Ina matsowa kusa da shi sai akwatin ya fara gugguru. Na ja da baya, ya yi shiru. Na matso, ya kama. Rabe ya dube ni ta saman tabarau, ya ɗauki sandar ya bi jikina. Hula shiru. Tumbi shiru, ya ce wannan tuwo ne zalla. Da ya kai aljihun dama sai akwatin ya haukace.

"Yaya, mi ke cikin aljihunka?"

Na ce goro. Ya ce goro bai magana. Na ce ɗan tsaraba ne. Ya miƙo hannu kawai. Na fito da ƙullin, ya kwance, ya dubi ƙasar, ya waiwaya ya dubi gurbin da na kwashe, ya dubi ƙafarsa. Ɗan Kusada ne, ba sai an yi masa fassara ba. Ya tambayi wa ya aiko, na ce Inna. Ya ce wace Innar. Na ce muna da wata ne? Ya tambayi abin da za a yi da ita, na faɗa masa duka, har rabin da za a yayyafa da rabin da za ta sha.

Sai ƙanena ya zauna a ƙasa, a nan inda yake tsaye. Akwatin na ta surutunsa. Can ya ce, a hankali, wannan rawayan ya fi baƙin saurin narkewa a ruwa. Ba lallai ya kashe nan take ba, amma ƙoda yake nema, tsohuwa kuwa ba ta da ƙodar bayarwa. Na tuna yadda na yi niyyar miƙa mata ƙullin nan da hannu biyu ina taƙama.

Na yi ƙoƙarin gyara zance, na ce to ai da sauƙi, mu koma gida ka wanke ƙafa, in samo rairayi mai tsabta ka taka mini, kowa ya huta.

"Matar da ta kori mai laya da muciya," ya ce, ba da ni yake ba. Sa'annan ya ɗago. "Yaya, Inna ba ta shan ƙasa saboda ni. Ko wace iri ce."

Ya tona rami ya binne ƙyallen da abin da ke ciki. Ya tsiyaya mini ruwan jarka a hannu har ya ƙare. Ya fito da wuƙa ya yanke aljihun rigata ɗungurungum, sabuwar rigata ta zuwa baƙunta, ya binne shi ma. Haka na shiga Arlit da taga a cinya.

Hutun da aka ce yana da wuyar samu, da aka nema sai ga shi. Fatimata ta ɗaure akwati ta cika mana jaka da cuku da dabino, ta ja ni gefe ta ce in kula da shi a Agadas. Na kula kuwa. Duk inda mota ta tsaya sai in zauna a kan gefen rigarsa ina ba shi labari. A Agadas ya ce ya manta wani abu a wurin aiki, na ce ni ma na manta aljihuna, mu je a haka. A Maraɗi ya daina cin abinci. A Kankiya ya ce ko mu kwana mu huta, na aro kekuna biyu a rumfata na ce hau.

Muka shiga Kusada da la'asar sakaliya, ana dawowa daga gona. Mutane na gaishe ni suna duban baƙon mai tabarau, sai sun wuce su tsaya su waiwayo. A ƙofar zaurenmu Rabe ya jingine keke ya tsaya cak. Na tura shi, kamar na tura bango. Na buɗe baki zan yi wani abin dariya, karo na farko a rayuwata na laluba ban samu ba.

Sai muryar Inna daga cikin gida, ba ƙarfi amma sarai.

"Iro ne? Na ji tafiyar mutum biyu."

Ya shiga. Na bi shi. Tana zaune bakin ƙofar ɗakinta a kan tabarma, ta miƙe ƙafafu. Ya durƙusa gabanta ya sunkuyar da kai. Ta lalubo fuskarsa, ta cire tabarau ta ajiye gefe, ta bi goshinsa da kumatunsa da yatsu, ta tsaya a kan furfurar, ta kama kunnensa ta riƙe. Ni kuwa bakina ya dawo, na fara ba ta labarin jandarma da burodi da akuyar maƙwabta, duk a haɗe.

"Kai kuma fita," ta ce. "Ka cika surutu."

Na fita na zauna a zaure na kasa kunne, don in sami abin da zan ba ku. Har aka kira magariba ban ji ko ɗayansu ya ce uffan ba.